Kawu Saturnino, Mai Mayar da Mu Sunipata

Kullum da safe, kafin masu kunun kinuwa, ƙananan hatsin nan na kan duwatsu, su kafa tebur a gindin matakalar unguwarmu, Kawu Saturnino Huamaní ya riga ya fito da bokiti yana wanke motarsa. Tsohuwar babbar mota ce mai bodin katako, shuɗiya a da, an rubuta mata Tattabara a goshi. Zai goge gilashin da hannun rigarsa, ya bi tayoyin yana bugunsu da ƙafa, ya ɗaga murfin inji ya leƙa kamar mai duba maƙogwaron yaro. Sannan ya zauna a bakin ƙofar motar da kofinsa, yana gaisawa da masu gangarowa daga tudu zuwa wurin aiki. Sauran yinin dakon yashi da bulo yake yi wa masu ɗora ɗaki a kan ɗaki. Sai fa in an yi mutuwa. In wani ɗan Sunipata, ƙauyenmu na asali, ya rasu, Kawu zai share yashin tas, ya wanke katakon, ya shimfiɗa bargo a bayan motar, ya zauna yana jira.

Sunana Delfina, jikar Doña Eusebia ta can saman tudu kusa da tankin ruwa. Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba in ba malamin makaranta ba. Ƙungiyar 'yan Sunipata mazauna nan birnin Lima ce ta ce a rubuta wani abu a kan Kawu tunda ya ajiye aiki, aka waiwaya aka ce ai ga yarinyar nan da ba ta rabo da littafi. Ku yi mini haƙuri in na haɗa gaba da baya. Abin da ya fi damuna shi ne an ce in gode masa, ni kuwa har yau ban gama tantance abin da nake ji ba, ko godiya ce, ko haushi.

Mu da aka haifa a nan, a bakin tsofaffi muka ji yadda aka zo. A shekarun bindiga, lokacin da masu zuwa da safe ke kashe mutum saboda ya ciyar da abokan gābarsu masu zuwa da yamma, Tattabara ce ta sauko da Sunipata daga kan duwatsu, gida bayan gida. Kaka ta ce a bayan motar ta zo, a tsakiyar tukwane da kaji da ɓerayen Masar a buhu, mahaifiyata Rosenda tana goye a bayanta. Kawu, wanda a lokacin saurayi ne mai baƙin gashi, ya sauke su a gindin wannan tudun da babu komai a kansa sai yashi da hazo, ya taya su kafa zana, ya juya ya koma ɗauko wasu. Zana ta zama katako, katako ya zama bulo. Yau 'yan Sunipata da ke kan tudun nan sun fi duk mutanen da ƙauyen ya taɓa ɗauka tun da aka kafa shi.

Da aka samu zaman lafiya ba wanda ya koma. Yara suna makaranta, an jawo wuta, ruwa na tafe. Amma da tsohon farko ya kwanta ciwon ajali, sai ya riƙe hannun Kawu ya ce kada a bar shi a yashi. Kawu ya kai shi. Daga nan hanya ta buɗe.

Duk wanda ya taɓa raka gawa a Tattabara ya san yadda Kawu ke tafiya da mamaci. Ba ya barinsa shiru a baya. A kowace gada, a kowace mararraba, zai sauke gilashi ya kira sunansa ya gaya masa inda aka iso, domin tsofaffinmu sun ce wanda ya mutu a baƙon wuri, in ba a kira shi ba, gangar jikin ce kawai za ta isa gida, shi kuwa ya tsaya a hanya yana dube-dube. Mai sayar da gasasshiyar masara a bakin kasuwarmu ta ba ni labarin shekarar da ta raka mijinta cikin damina, suka tarar dutse da laka sun zubo sun rufe hanya. Kowace mota ta juya. Kawu ya roƙi masu gyaran hanya su kama masa, ya ɗaura akwatin gawar a bayansa da igiya, ya ratsa lakar har gwiwa zuwa ɗaya gefen, inda ya samu motar dankali ta ƙarasa da su. Ta ce yana tafe yana nishi yana cewa, "Riƙe ni da kyau, abokina, kada ka ga laka ka ce ka fasa."

Kai ne jirgin da ya sauko da mu, Kawu, kai ne kuma mai mayarwa. A littattafan da nake karantawa akwai taswira mai kibiyoyi, duk sun taso daga duwatsu sun nufi bakin teku, manya da ƙanana. Na duba, na sake dubawa, ban ga kibiya ko ɗaya mai komawa sama ba. Ban san inda zan sa ka a taswirar ba. Ni kaina ban san inda zan sa kaina ba. A makaranta in aka tambaye ni garinmu sai in ce Lima, a gida in na faɗi haka Kaka ta ɗaga ludayi ta ce, "Lima ta san ki? Ke 'yar Sunipata ce." Alhali ko a mafarki ban taɓa ganin Sunipatan ba.

A farkon shekarar nan labari ya hau tudu cewa Kawu zai ajiye mota. Kaka ta ji a wurin layin burodi. Ko gida ba ta koma ba, ta ja ni muka gangara matakala, tana dogara sanda tana huci.

"Saturnino! Gaskiya ne abin da nake ji?"

"Ko ina kwana babu, Doña?"

"Kwanan ya ishe ka kai kaɗai. An ce ka ajiye mota."

"Ba ni na ajiye ba, ido ne. Likita ya ce in karanta masa abin da ke jikin bango, na ce wane bango?"

"To ni fa?"

"Ke me? Ai kin fi ni lafiya. Jiya tun daga nan nake jin muryarki kina zagin karen maƙwabta."

"Kada ka mai da ni abokiyar wasanka, tsohon banza. A gaban mutane ka yi mini alkawari kai za ka kai ni." Ta buga sandarta a jikin taya. "Yanzu gaya mini yadda kake so. Za ka jira ni, ko in yi sauri?"

Masu shan kunu suka fashe da dariya. Kawu bai yi ba. Ni ma ban yi ba, don na san Kaka. Daga ranar ta fara ture kwanon abinci.

A Sunipata uwarta take kwance, da 'yarta ta fari, Justina, wadda ta rasu tana jaririya kafin a gudo. Can take so a sa ta. Mahaifiyata ta yi magana har ta gaji.

"Inna, mijinki yana nan a maƙabartar bayan tudu. 'Ya'yanki suna nan, jikokinki suna nan. Ranar tunawa da matattu wa zai kai miki miya da fure a can? Tumaki?"

"Nan yashi ne. Ba a binne mutum a yashi, ajiye shi ake yi."

"To Baba fa? Ajiye shi muka yi?"

"Ubanki ko yana da rai bai taɓa damuwa da inda ya kwanta ba."

Ina zaune a tsakaninsu da littafi a cinya. In mahaifiyata ta yi magana sai in ga ita ce da gaskiya, in Kaka ta amsa sai in ga ai ita ce.

Ana cikin haka Don Leoncio, tsohon kafintan unguwarmu, ya rasu. 'Ya'yansa biyu suna Sifen, ɗaya tana Ajantina, babu mai takardar da za ta bar shi ya zo ya koma. Ta waya suka yi kukansu, ta waya suka roƙi Kawu. Ya ce zai yi wannan ta zama ta ƙarshe, da rana kawai zai riƙa tuƙi, a hankali. Ana gobe tafiya sai ga shi ya hawo har gidanmu, ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu yana mayar da numfashi.

"Doña, da rai na sauko da ke. In kina so, da rai zan hau da ke. Ki je ki ga wurin, ki nuna shi da yatsanki, kowa ya shaida. In ya so ranar da abin ya zo, ko wace mota ce ta kai ki."

"Kawu, kashe mini ita za ka yi?" in ji mahaifiyata. "Rabonta da iskar tsaunukan nan tun ina goye."

"Zama a nan ma kashe ta yake yi, Rosenda. Dubi kwanonta."

Kaka ta riga ta shiga ɗaki tana neman mayafinta na ulu. Mahaifiyata ba za ta samu izini a wurin aiki ba, don haka ta kama kafaɗata, ta dube ni ido cikin ido. "Ke za ki bi ta. Ki tabbata kin dawo mini da uwata, kin ji ko?" Na ce na ji.

Mu uku a gaba, Don Leoncio a baya. Ni ce mai karanta wa Kawu allunan hanya. Da muka bar hazon bakin teku muka fara hawa, sai ya sauke gilashi.

"Don Leoncio! Ga gada, kada ka tsaya kallon ruwa. Taho."

Can gaba kuma: "Don Leoncio, hagu za mu bi, dama ta masu haƙar ma'adinai ce, ba ka da kowa a can."

Da farko kunya ta kama ni, musamman inda akwai mutane a bakin hanya. Daga baya na ga ina jira ya kira. Rana ta biyu muka kai ƙololuwar hanya, inda matafiya ke tara duwatsu. Kawu ya sauka ya ɗora dutse saboda Don Leoncio, ya dawo ya tada mota, sai bakinsa ya zarce.

"Doña Eusebia, mun iso kan..."

"Da wa kake? Ban mutu ba tukuna!"

"Gwaji nake yi, in ji ko sunan zai yi daɗin kira."

"Allah ya sa ni zan kira naka, makaho."

Ni a lokacin kaina kamar ana sara shi da gatari saboda ƙarancin iskar kan tsauni, numfashi ya ƙi isa ƙirji. Wadda aka ce in kula da ita kuwa tana tauna ganyen koka, maganin jirin tsauni, kumatunta sun yi ja, tana nuna duwatsu tana kiran sunayensu da Kechuwa, harshen da rabinsa kawai nake ji. Ita ce ta riƙa shafa mini goshi.

Da muka gangara cikin Sunipata sai Kaka ta daina kiran duwatsu. Ta duba dama, ta duba hagu.

"Saturnino, ka ɓata hanya. Na faɗa, idon nan naka."

"Nan ne, Doña."

"Ba nan ba ne. Ina kasuwa? Ina gidan su Leoncio mai baranda?"

"Ga shi can, inda itacen turare ya fito ta rufi."

Ƙofofi duk da kwaɗo, kwaɗon ya yi tsatsa. Ciyawa ta kai tagar makaranta. Ƙarar motar ta fito da 'yan tsofaffi, ba su cika benci biyu na coci ba. Wata tsohuwa mai baƙar hula ta matso ta tsaya gaban Kaka, suka daɗe suna kallon juna, kowace tana tambayar ɗayar 'yar gidan wa ce. Sai da Kawu ya ce, "Casimira ce fa, wadda kuke kiwo tare," sannan suka rungume juna. Ko a lokacin ban tabbata sun gane juna ba, ko dai maganarsa suka yarda da ita.

Sai da muka shiga maƙabarta na ga inda garin ya koma. Ta fi ƙauyen girma, an ƙara mata katanga ta gefen rafi, kuma sunayen da ke kan giciyoyin na san su. Ga mai burodin layinmu. Ga tsohuwar da ke yi mana allura. Ga mijin mai gasasshiyar masara. A cikin gari ban san kowa ba, a nan kuwa kamar ina hawan matakalar unguwarmu ina gaisuwa. Na rasa ko baƙuwa ce ni a wurin ko 'yar gida.

Na tsaya ina waige-waige, ina jiran samarin da za su tona kabari. Ba wanda ya zo. Kawu ya tuɓe kwat ɗinsa ya rataye a kan katanga, ya je bayan ƙofar coci ya ɗauko diga da shebur.

"Wa kike nema, 'yata?" in ji Doña Casimira. "Shi ne. Ya daɗe shi ne. 'Ya'yan da ke rako iyayensu daga Lima, in suka ɗaga diga sai jiri ya kwashe su, su zauna suna amai. Shi zai karɓa. In sun koma kuma kunya ba ta barinsu su faɗa."

Na ce ni zan taya shi. Ya miƙo mini digar. Ban yi nisa ba ƙasa ta juya, na tsinci kaina zaune a kan kabarin wani. Ya karɓi abarsa ya ci gaba. Ƙasar tauri gare ta, duk duwatsu. Yana sara, ya tsaya ya huta, ya share ido, ya lalubi gefen ramin da hannu don ya ji ko ya miƙe. Sai da rana ta karkata muka saukar da Don Leoncio da igiyar mota, ni da shi da tsofaffin da ke iya riƙe igiya.

Kawu, mun ɗauka tuƙi ne aikinka. Shekara da shekaru kana dawowa da tafin hannu a fashe, muna cewa sitiyari ne.

Kaka ta samu kabarin uwarta. Na Justina ɗan tulin duwatsu ne a gefensa, babu suna. Ta zauna a wurin har sanyi ya sauko. Ta nuna filin da ke kusa da yatsa, kowa ya shaida, na ji daɗi a raina na ce an gama, gobe sai gida.

Da safe na same ta a tsakar gidan Doña Casimira tana ɓare wake, ta sa wani tsohon siket da ba nata ba.

"Kaka, ki shirya, Kawu zai tada mota."

"Ki gaida uwarki."

"Kaka, don Allah."

"In na gangara, wa zai hawo da ni? Ga ni na riga na zo, da ƙafata. Wauta ce in koma don a sake ɗauko ni a akwati."

"Maganinki fa? Mu fa? Inna ta ce in dawo da ke!"

"Ita ma ai ban tambaye ta ba lokacin da na goya ta na gudu da ita."

Na fita da gudu neman Kawu, na tabbata shi kaɗai take jin maganarsa ko da tana zaginsa. Na tarar da shi a bayan kujerar mota yana fito da kaya: barguna, tukunya, ƙaramin murhun gas, buhun shinkafa, hoton marigayiya matarsa.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Kaya."

"Ka san ba za ta koma ba? Tun daga Lima ka sani?"

"Na san kakarki tun ba a haifi uwarki ba."

"Ka ce mana za ta nuna wuri ne kawai!"

"Ta nuna ai." Ya ajiye tukunyar. "Ban yi mata dole ba, Delfina. Da ta ce a koma, da na san yadda zan yi."

"Kai kuma ina za ka da tukunya?"

"Tattabara ta gama. Hawa tana iyawa, gangara ce birkinta ba zai ɗauka ba, idona ma haka." Ya ƙara da cewa, "In kakarki ta zauna, ranar da ta tashi tafiya wa zai tona? Casimira?"

Daga cikin gida muryar Kaka ta taso. "Kada ka ce don ni ka zauna, tsoho! Ban roƙe ka ba!"

"Wa ya ce don ke? Iskar nan ce ta karɓe ni!"

Na tsaya ina kallonsa, hawaye na zuba, ban san wa nake yi wa kukan ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To kai wa zai tona naka?"

Ya duba tafin hannunsa. "Yau dai ba ni ne a layi ba," ya ce, ya ɗauki barguna ya shige.

Ranar kasuwar garin da ke kusa ya raka ni bakin babbar hanya ya sa ni a ƙaramar bas. Na iso gida ni kaɗai. Mahaifiyata ta leƙa bayana, ta leƙa matakala, ta gane. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta kira Kawu da sunayen da ba zan rubuta a nan ba. Bayan 'yan kwanaki na ga tana haɗa ƙunshin da za a aika: maganin hawan jini, sukari, safar ulu. Safar akwai ta mata, akwai kuma babba, ta maza. Ban tambaye ta ba.

Kaka tana kira ran Lahadi, in ta hau tudun bayan coci inda waya ke kamawa. Ta ce sanyi zai kashe ta, ta ce Casimira ba ta iya miya ba, ta ce makahon nan ya ishe ta da surutu. Tana cin abinci. Gadonta yana nan a ɗakinmu ba wanda ya taɓa.

Kawu Saturnino, an ce in gode maka a madadin kowa, to ga shi. Mun gode da ka sauko da iyayenmu suna da rai. Mun gode da ba ka bar ko ɗaya daga cikin matattunmu a hanya ba. Mun gode da ramukan da ka tona ka rufa wa 'ya'yansu asiri. Tawa godiyar ta kaina ba ta gama nuna ba. Ka ɗauke mini Kaka, kuma ka ba ta abin da mu da muke sonta muka kasa ba ta. Duka biyun gaskiya ne, na rasa yadda zan haɗa su. Amma na gode.

Saura ku, samarin tudu, masu tasi da masu babur da masu ɗora bulo, ku da Tattabara ta sauko da iyayenku a goye. Akwai tsofaffi a nan da ke jiran mai kai su, akwai kuma wani tsoho a can da ya tona wa kowa, ba shi da mai tona masa. Ba na cewa ku koma Sunipata da zama, ni ma ban koma ba. Amma wani a cikinku ya koyi hanyar tun mai nuna ta yana nan. Digar tana bayan ƙofar coci, ba a kulle ƙofar. Wanda zai je kuma kada ya jira sai an bugo waya. Ya je da wuri, domin ɗan Lima sai ya kwana biyu a can kafin ƙirjinsa ya bar shi ya ɗaga ta.